Filin Matafiya: Baƙo da yunwa a Birnin Ƙonni

Watan jiya wannan fili ya yi magana kan ajiyar albasa cikin rudu. Wanga wata albasa ta fita, kuɗɗi sun shiga aljihu, masu zuwa birni sun yawaita. Wani za shi sayen injin ban-ruwa, wani taki, wani kayan ɗakin ɗiya. Kowa ya san abin da zai saya, ya kuma san kuɗɗin da zai biya. Amma abin da zai ci can da abin da zai sha, ba kowa ke tunawa da shi ba sai rana ta take, ciki ya fara kuka.

Ga labarin wani manomi na ƙasar Illela, daga wani ƙauye kusa da Badagishiri. Ba za a faɗi sunansa ba, don surukansa na karanta jarida.

Bara, da ya saida albasarsa, ya shiga mota ranar Laraba, ranar kasuwar Ƙonni. Sunka wuce Gidan Idar, sunka kai Tsarnawa inda hanyar Tawa ke gamuwa da babbar hanyar Yamai zuwa Maraɗi, sunka juya yamma. Kafin hantsi yana cikin kasuwa. Ya yi ta ciniki wurin masu kayan Najeriya har azahar. Da ya gama sai ya ce a ransa: «Yau ɗaya dai ba ni zama bisa benci bakin hanya. Ni ma in ci irin na ma'aikata.»

Ya ga wani gida mai fenti, da ƙananan fitilu ja da kore a bakin ƙofa, da allo mai rubutu. Bai iya karatu ba. Ya shiga. Ga fanka na juyawa, ga kujeru, ga kiɗa. Wani yaro ya kawo mashi takarda. Ya dube ta, ya ajiye, ya ce a kawo abinci mai kyau. Anka kawo rabin kaza da soyayyen dankalin Turawa. Ya ci, kaza kuwa ta yi daɗi, ba a ƙarya. Sai ƙishirwa ta taso. A teburin gaba ya ga wasu mutane biyu na shan wani abu ja cikin kofin gilas.

Ya ce wa yaron: «Samari, kawo mini zoɓon ga.»

Yaron ya duƙo kusa da kunnensa ya ce: «Baba, ba zoɓo ba ne. Ba irin naku ba ne.»

Allah ya taimake shi, yaron ɗan halas ne. Da wani ne, da ya zuba mashi ya karɓi kuɗɗinsa.

Ya tambayi kuɗɗin kaza bayan ta riga ta shiga ciki. Yaro ya ce ɗari shida. Tun safe da naira yake jin farashi, don haka ya ƙirgo naira ɗari shida yana murna. Yaro ya ce a'a, dala ɗari shida, wato jika uku. Ya nuna mashi takarda, ga 3000 a rubuce. Babu gardama, ya biya. Kuɗɗin tsarabar yara sunka tafi nan.

Wannan duk mai sauƙi ne. Yana fitowa daga ƙofar sai ga wani mutumin ƙauyen maƙwabta bisa babur. Sunka gaisa, mutumin ya dubi allo, ya dube shi, bai ce komi ba. Labari ya riga shi isa gida. Mutumin da ke sahun gaba a masallaci sai da ya yi wata guda yana rantsuwa cewa kaza kaɗai ya ci. A tasha kuma ya sayi ruwan leda mai ƙulli, guda biyu, ya kwankwaɗe. Kwana uku yana zarya bayan gari, ruwan garka ma sai ƙanensa ya ba da.

In za a faɗi gaskiya, gidan nan bai cuce shi ba. Allon ƙofa ya faɗi ko wane irin gida ne. Takarda ta faɗi kuɗɗi. Shi ne bai ji abin da sunka faɗa ba. Baƙo ko da ido makaho ne.

ABIN DA ALLO KE CEWA

Allunan birni da Faransanci ake rubuta su, amma wanda ya san baƙaƙen Hausa zai iya kama kalmomin da ke da amfani gare shi. Ba su da yawa. RESTAURANT gidan abinci ne. BAR baƙi uku ne kawai, B da A da R, wurin shan giya ke nan. BUVETTE ma haka. In an rubuta BAR RESTAURANT, to ana ci, ana sha. MAQUIS shi ma sau da yawa abinci ne da giya tare, ya fi cika da dare.

Ƙetaren iyaka, jihar Sakkwato ta kafa shari'a tun shekarar 2000, ba a saida giya a fili. A Nijar doka ba ta hana ba, sai dai mai saidawa ya nemi izinin hukuma. Saboda haka baƙo zai gamu da irin gidajen nan a Ƙonni, kamar yadda zai gamu da su a Tawa da Maraɗi da Yamai. Wanda addininsa bai hana shi ba, shi ya san ƙofar da zai shiga, ba ya bukatar jarida ta nuna mashi. Maganar nan ta wanda ba ya so ce, don kada ya faɗa bisa rashin sani. Abu ɗaya ne ya shafi kowa da kowa: direban da anka gani yana fitowa daga irin gidan nan yana tangaɗi, kada a shiga motarsa, ko da ita ce ta ƙarshe.

Jan abin nan da manomi ya ɗauka zoɓo, giyar inabi ce. Ana matse ƴaƴan inabi, a bar ruwan ya tashi, kamar yadda ake yi wa dawa ta zama burkutu. Akwai ja, akwai fara, akwai mai ruwan hoda. Faransa da Italiya da Sifen su ne manyan masu yin ta. Turawa da abinci suke shan ta, shi ya sa a manyan otel, in mutum ya zauna cin abinci, ma'aikaci kan tambaye shi ko a kawo. Ta fi giyar kwalba ƙarfi nesa. Giyar kwalba na da abin maye kamar kashi 5 cikin 100, ta inabi kuwa 11 zuwa 14. Sunanta a rubuce VIN. Baƙin farko, V, babu shi cikin baƙaƙen Hausa. Kamarsa ɗaya da bakin gwafa.

Abin lura, ba cikin kwalba kaɗai take zuwa ba. Akwai ta cikin kwali, da hoton ƴaƴan itace a jiki, kamar kwalin lemon yara. Wanda bai iya karatu ba ba zai raba su ba. Mai karatu kuwa sai ya juya kwalin ya nemi ƙaramin lamba mai alamar % da kalmar VOL ko ALC kusa da ita. In ya ga haka, akwai abin maye ciki. SANS ALCOOL na nufin babu.

TAFIYA TA BIYU

Bana manomin nan ya koma Ƙonni sayen injin ban-ruwa. Wannan karon ya tafi da ɗan ƙanwarsa, saurayi da ya yi rani biyu yana karatun manya a makarantar yaƙi da jahilci.

Ba su fara da kasuwa ba. Sun fara da gaida wani Alhaji, mutumin ƙasarsu, da ya daɗe a Ƙonni yana saida buhunan albasa. Bayan gaisuwa da tambayar mutan gida, manomi ya ce:

«Alhaji, in rana ta yi, ina mutum zai sa wani abu a bakinsa ba tare da ya yi da-na-sani ba?»

Alhaji ya yi dariya, don shi ma labarin bara ya kai gare shi. Ya ce: «Malam, da dare tuwon gidana ne, ba ka da zaɓi. Da rana kuwa, ka bi direbobin manyan motoci. Inda ka ga sun ajiye mota sun zauna, zauna.»

Maganar Alhaji tana da tushe. Direban da ke jigilar albasa zuwa Gana ko Abijan, ko mai ɗaukar siminti daga Malbaza, ba ya wasa da cikinsa. In abinci ya ɓata mashi ciki, tafiyarsa ta tsaya, uban gidansa ba ya jin uzuri. Ya ci a garuruwa da yawa, ya san mai kyau. Kuma gobe zai dawo, uwar tuwo ta san haka, ba ta zuba mashi na jiya. Karen mota mai kama hannun baƙo a tasha yana cewa «zo nan, zo nan», shi dabam ne. Wata ƙila ladarsa na can. Da ɗan gari akan ci gari, amma ba kowane ɗan gari ba.

Da azahar sunka sami rumfar da Alhaji ya kwatanta. Ba allo, ba fanka. Rumfar kwano ce da benci uku. Tukwane huɗu bisa murhu, kowace da marfinta, tururi na fita. Mutane a cike, wani na tashi wani na zama. Saurayi zai zauna, kawunsa ya riƙe shi.

«Tsaya tukuna, mu ga inda ake wanke kwanoni.»

Sunka leƙa gefe. Yarinya na wanki da roba biyu, ɗaya ta sabulu, ɗaya ta ɗauraya. Suna tsaye ta zubar da ruwan da ya yi maiƙo ta ɗebo sabo. Ga buta da sabulu don wanke hannu, ana zuba wa mutum ruwa ya zube ƙasa. Wannan shi ne daidai. Kwaryar nan ko roba ɗaya da mutum ashirin ke tsoma hannu ciki, ba wanki ba ne, rabon dauɗa ne.

Manomi ya ce: «Sannu da aiki, Hajiya. Mi ke akwai?»

«Sannu da zuwa, Malam. Akwai tuwon dawa da miyar kuka, akwai ta kuɓewa, akwai shinkafa da wake, akwai shinkafa da miyar ja. Nama dabam.»

«Kwanon shinkafa nawa?»

«Ɗari.»

«Ɗarin mi, Hajiya? Dala, ko naira, ko ta takarda?»

Rumfa duka ta fashe da dariya. Hajiya ta ce: «Dala, Malam. Lalle an taɓa ka.»

A bar su su yi dariya, tambayar tana kan hanya. A Ƙonni ƙirga uku ke yawo cikin kasuwa ɗaya. Akwai dala, wadda kowa ya tashi da ita. Akwai tamma, wadda ake rubutawa a takarda da allo. Dala ɗaya tamma 5 ce. In an rubuta 100, dala 20 ke nan. In an rubuta 500, dala 100. In an rubuta 1000, dala 200, wato jika. Duk lambar da mutum ya gani a rubuce, ya raba ta biyar, ya sami dalarsa. Sai kuma naira, wadda ke shigowa daga Illelar Najeriya, nan kusa bayan duwan. Ita ba ta da tsayayyen farashi. A shekarar 2024 naira ɗaya ba ta kai tamma ɗaya ba. Ashe «ɗari uku» na iya zama kuɗɗin ƙosai, tana iya zama kuɗɗin mota. Ciniki kafin ci ake yin sa. Bayan an haɗiye, mai abinci ke da magana.

Sunka ci shinkafa da zafinta. Miya ta ji tumatir da albasa da kabeji, don Ƙonni ba ta rasa kayan lambu. Babban fegin noman rani na nan gefen gari, hekta fiye da 2000, tun zamanin Seini Kunce, yana shan ruwan madatsun Mozage da Zango bisa Majiya. Hajiya ta tambaya ko a ƙara masu ɗanyen salak a kai. Manomi ya ce a bar shi. Ya san da wane ruwa ake ban-ruwan lambu, ya san taki, shi ma mai garka ne. Ganyen da wuta ba ta taɓa ba, sai a gida, inda mutum ya ga wankinsa da idonsa.

Nama ba ya bukatar dogon bayani ga makiyayi. Ya san ƙamshin sabon yanka, ya san na kwana. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, dabbar da anka yanka a kwata, likitan dabbobi na duba ta, ya buga mata hatimi da tawada a jiki. Rundawan kirki ba su jin haushi in an tambaya. Tsire ko balangu, a ce a maida shi bisa wuta a gaban mai saye. Na jiya da anka shafa wa mai da yaji don ya yi ƙyalli, a cikin yankan ake gane shi, ya bushe, ya yi duhu. Kilishi shi ne abokin tafiya, ba ya lalacewa da wuri, amma a sayi wanda ke rufe, ba wanda ƙuda da ƙurar mota sunka yini a kansa ba.

RUWA YA FI ABINCI HAƊARI

Abinci ya bi ta wuta. Abin sha bai bi ba. Nan ne baƙi da yawa ke faɗuwa, musamman da bazara, lokacin da ƙishirwa ba ta bari mutum ya yi tunani.

Fura da nono babu abin da ya kai ta ga mai tafiya. Tana kashe ƙishirwa, tana riƙe ciki har dare. Amma fura ba ta fi ruwan da anka dama ta da shi ba. Saurayi ya kira wata mai nono. Kawunsa ya ce: «Inna, mu ga ruwan damu.» Ta buɗe jarka mai marfi, ta ce na famfo ne. Ludayinta na cikin ƙwarya a rufe da faifai. Ya ɗanɗana nonon, ya ce na shanu ne, ba madarar gari da anka kwaɓa ba. Sunka sha. Ta ce ko a sa ƙanƙara, ya ce a'a. Ƙanƙara ruwa ce ita ma, sanyi kuwa ba ya kashe ƙwayar cuta, ajiye ta yake yi.

Haka zoɓo da kunun zaƙi da ruwan citta da ake ɗurawa cikin tsofaffin gorunan roba. In an san mai yi, madalla. In ba a san ta ba, ba a san inda anka tsinto goran ba. Ruwan leda iri biyu ne: wanda inji ya liƙe bakinsa, mai rubutu da sunan masu yi, da wanda anka ƙulle da hannu, wani lokaci ma da baki ake hura ledar ta buɗe. Bambancin kuɗɗinsu bai kai kuɗɗin allura ɗaya ba. Wanda duk bai samu ba, ga mai shayi. Ruwansa ya tafasa a gaban kowa.

Ba tsoratarwa ba ce. A shekarar 2021 cutar amai da gudawa ta shiga jihohin Tawa da Maraɗi da Damagaram da Doso, Ƙonni na cikin wuraren da ta taɓa, an kuma yi asarar rayuka. Ta ruwa da hannu marar wanki take bi, kasuwa da tasha su ne hanyarta. Wanda gudawa ta kama bayan tafiya, a dama mashi sukari ƙaramin cokali 6 da gishiri rabin ƙaramin cokali cikin lita 1 ta tafasasshen ruwa, ya yi ta kurɓa. In gudawar ta zama kamar ruwan shinkafa, ko amai ya haɗu da ita, ba a jira safiya, a kai shi likita.

Masu zuwa jinya asibitin Galmi, wanda ke aiki tun 1950, su sunka fi kowa bukatar kiyayewa. Mai jinya kan yi mako guda yana ci a waje. In shi ma ya kwanta, wa zai dubi wa? Gara ya tafi da garin kunu da ƴar tukunyarsa, ya zaɓi mai abinci ɗaya da ya yarda da ita, ya tsaya gare ta.

La'asar ta yi, an ɗaure inji bisa mota. Saura tsaraba. Sunka shiga wani babban kanti bakin hanya, manomi ya ga kwalaye jere masu hoton ƴaƴan itace. Ya ɗauki ɗaya ya miƙa wa saurayi.

«Duba mini wannan.»

Saurayi ya juya kwalin, ya bi rubutun da yatsa. «Kawu, ga V ɗin nan. Ga kuma 11 da alamar, da VOL. Maida shi.»

Ya maida shi da sauri, har yana goge hannu a riga. Ya ɗauki wani mai hoton mangwaro. Wannan karon da kansa ya hango alamar, babba, a gaban kwalin.

«Subhanallahi! Wannan har 100 ne. Wannan ai sai ya kashe mutum.»

«A'a, Kawu. Wannan cewa yake ruwan ƴaƴan itace ne zalla, ba gami. Babu VOL, babu ALC. Shi za mu saya.»

Manomi ya dubi kwalin, ya dubi yaron, ya tambayi mai kanti nawa ne, kuma da wace ƙirga. Ya biya.

A tasha, suna jiran mota ta cika, ya tsinci kara ya share ƙasa da tafin hannu. Ya ce: «Nuna mini gwafar nan.» Saurayi ya zana V. Ya zana tasa a gefe, ta karkace. Ya share ya sake. Ya ce a ƙara mashi ukun nan na allon bara. Yana kan cikin B na biyu karen mota ya buga ƙofa yana kiran Gidan Idar, Badagishiri, Tawa, saura mutum biyu.